Nutso da safe, yawon gari da la'asar, cin kifi da dare: za su shiga rana ɗaya a Zanzibar?

Tambaya: Wani Alhaji ɗan kasuwa daga unguwar Wadata a Yamai ya ce shi da uwargidansa za su je hutun mako guda a tsibirin Zanzibar cikin watan Janairu. Suna so su ware rana ɗaya su yi nutso cikin teku da tukunyar iska, su zaga tsohon gari, da dare kuma su ci abincin teku. Shekarunsa 48, ya iya iyo tun yana yaro a kogin Isa amma bai taɓa shiga teku ba, Hajiya kuwa iyonta bai taka kara ya karya ba. Yana tambaya ko ranar za ta ɗauki ukun, me za su shirya, kuma ina haɗarin yake.

Amsa: Alhaji, ranar za ta ɗauka, amma da sharaɗi: nutso ne zai ja ragamar ranar, yawo da cin abinci su biyo baya. Shi zai faɗa muku ranar da za ku zaɓa a cikin makon, inda za ku kwana, abin da za ku karya da shi, har da lokacin da za ku hau jirgin komawa gida.

Kada ku sa ranar a farkon hutu, kada kuma ku sa ta a ƙarshe. Daga filin jirgin Diori Hamani ba a zuwa Zanzibar kai tsaye, sai an sauka an canza jirgi, galibi ta Addis Ababa, kuma agogon can yana gaban na Nijar da awa 2. Wanda ya sauka a gajiye, bai yi barci ba, jikinsa ya bushe da iskar jirgi, bai dace ya shiga ƙarƙashin ruwa washegari da sassafe ba. Ranar ƙarshe kuwa haramun ce ga mai nutso, dalilin yana nan tafe. Rana ta uku ko ta huɗu ita ce daidai, don ko iska ta hana jirgin ruwa fita, akwai gobe.

Shirin yana farawa ne tun a Yamai, a gaban likita. Kowace cibiyar nutso ta kirki za ta miƙo muku takardar tambayoyin lafiya, kuma wanda ya haura shekara 45 akwai ƙarin tambayoyi a kansa: shan taba, hawan jini, yawan kitse a jini, da ko wani na jininka ya mutu da ciwon zuciya da ƙuruciya. In ka amsa "e" a ɗaya, sai da sa hannun likita za su karɓe ka, kuma ya fi sauƙi ka zo da takardar daga gida da ka shiga neman likita a baƙon wuri. Farfaɗiya, fuka mai tashi, ciwon zuciya, huhun da ya taɓa hujewa, aikin kunne na kwanan nan da juna biyu, duk suna hana nutso ko kuma suna buƙatar hukuncin ƙwararre. Ciwon suga ma sai an duba. Akwai ɗaya da ya shafe mu fiye da Turawan da suka cika jiragen nutso: sikila. Mai SS ba ya nutso, magana ta ƙare. Mai AS ya faɗa wa likita gaskiya, shi ya yanke. Wanda bai san rukuninsa ba ya yi gwajin jini kafin tafiya, ana yin sa a Yamai. In za a rubuta muku maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ku ce za ku yi nutso, domin likitocin nutso ba sa son mefulokin, jirin da yake sawa yana kama da alamar ciwon nutso, wato ciwon da kumfar iska ke jawowa a jiki bayan an fito daga ruwa, sai a rasa gane wanne ne.

Sai maganar hunturu. Janairu lokaci ne mai kyau a Zanzibar, tsakanin ƙaramar damina ta Nuwamba da Disamba da babbar damina ta Maris zuwa Mayu, ruwan teku da ɗumi, wajen digiri 28. Amma a Yamai watan ƙura ne, mutane da yawa suna hawa jirgi da mura da toshewar hanci. Mai mura ba ya nutso. Kuma kada a yi dabarar fesa maganin buɗe hanci a shiga: in ƙarfin maganin ya ƙare kana ƙasa, iskar da ta shiga kunne da ramukan fuska za ta rasa hanyar fita lokacin hawowa, ciwon kuwa ba a magana, ga shi dole ka hau tunda iskar tukunya ƙarewa take. Gara a ɗaga ranar.

Takardu a taƙaice: Zanzibar yankin ƙasar Tanzaniya ne, saboda haka ku nemi bizar Tanzaniya tun kuna gida, kada ku dogara da samu a filin jirgi. Katin rigakafin shawara ya zama a hannu. Tun ranar 1 ga Oktoba 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tsibirin, dalar Amurka 44 kowane mutum. Dalar Amurka fa, ba dala tamu ta sefa biyar ba. Ku tambaya a rubuce ko inshorarku ta ɗauki haɗarin nutso, don ba kowace ce ke ɗauka ba. Sefa ba ta canzuwa a can cikin sauƙi, ku riƙe yuro ko dalar Amurka sababbin bugu, a can ku canza kaɗan zuwa shilin na ƙasar don kasuwa da abinci.

Inda za a yi nutson shi ne abin da masu tallar yawo ba sa bayyanawa. Wurin da ya fi suna shi ne kewayen ɗan tsibirin Mnemba a arewa maso gabas, daura da ƙauyen Matemwe, inda ruwa ya fi haske. Amma daga Stone Town, wato tsohon garin, zuwa Nungwi ko Matemwe tafiyar awa ɗaya da wani abu ce a mota, sannan a hau jirgin ruwa. Wanda ya yi Mnemba da safe zai iso tsohon gari dab da faɗuwar rana, a galabaice, ya ga gine-gine a guje. A ganina, tunda ukun kuke so a rana ɗaya, ku kwana a Stone Town ku yi nutso a duwatsun murjanin da ke gaban garin, irin su Bawe, Pange da Murogo. Jirgi ba ya daɗewa ya kai, ruwan ba zurfi, wurin ya dace da ɗan koyo, kuma da azahar kun dawo. Hasken ruwan bai kai na Mnemba ba, amma wanda bai taɓa ganin ƙarƙashin teku ba ba zai ce an rage masa komai ba. In ran Alhaji na kan Mnemba, a ba ta ranarta daban.

Abin da za ku yi sunansa nutson gwaji. Masu Faransanci suna ce masa baptême, ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso kuma tana kiransa Discover Scuba Diving, iyakar zurfinsa mita 12, kuma malami yana tare da kai daga shiga har fita. Ba ya ba ka takardar shaida. Takardar farko, wadda ke ba mutum damar sauka mita 18, kwas ne na kwana 3 zuwa 4, da nutso huɗu a teku, da gwajin iyo na mita 200 da zama a saman ruwa minti 10. Saboda haka ƙarancin iyon Hajiya bai hana ta gwaji ba, in dai ruwa ba ya firgita ta, amma a faɗa wa malamin tun farko. Iyon Alhaji na kogi zai taimaka wajen kwanciyar hankali, sai dai akwai ɗabi'ar da za a yar a bakin ruwa. Ɗan kogi in zai nutse cika ƙirji yake ya riƙe numfashi. A nutson tukunya wannan ita ce ɗabi'ar da ke kisa.

Ga dalili. A bakin teku iska tana danne mu da ma'aunin bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1, wato a mita 10 danniyar ta ninka. Balan-balan da aka hura a sama aka kai shi mita 10 zai koma rabin girmansa. Wanda aka hura a can ƙasa aka sake shi zai ninka kafin ya iso sama, ko ya fashe. Ɗan kogi da iskar sama ya sauka, da ita ya dawo, ba ta wuce girman huhunsa. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake cika huhu da iska matsattsiya, in ya rufe maƙogwaro ya yi sama, iskar ta kumbura ta yaga huhu, kumfa ta shiga jini. Hawan da bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba da cikakken ƙirji ya isa ya yi ɓarna. Dokar ita ce numfashi ba ya tsayawa: shaƙa a hankali, fitar a hankali, in abin baki, wato wanda kake shaƙar iskar tukunya da shi, ya fita daga bakinka ka riƙa sakin ƴan kumfa har ka mayar da shi. Kuma a lura, canjin ya fi girma a mita goman farko, inda ɗan koyo yake. Rashin zurfi ba ya nufin a yi sakaci.

Kayan ba su da yawa. Tukunyar da za a goya maka takan kai lita 11 ko 12, an cusa mata iska har bar 200. Iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta an matse, ba oksijin na asibiti ba ne kamar yadda mutane ke zato. A kanta ake ɗaura na'urar da ke sassauta ƙarfin iskar, da bututu huɗu: ɗaya zuwa bakinka, ɗaya na ko-ta-kwana wanda galibi rawaya ne, ɗaya zuwa agogon da ke nuna sauran iska, ɗaya zuwa falmaran ɗin da ake hurawa ko a sace don ka yi sama ko ƙasa. Sai ɗamarar dalma, tabarau mai rufe ido da hanci, takalman iyo, da rigar roba mai kaurin milimita 3. Kada zafin ƙasar ya sa ka ƙi rigar. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, bayan minti 40 har mutumin da ya saba da zafin Afrilu a Tawa zai fara karkarwa. Rigar doguwa ce daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma hular roba mai rufe kai da wuya, saboda haka Hajiya za ta iya shiga a suturce. Mayafi mai yawo dai ba ya shiga, yana naɗe bututu. A tambaya tun kafin ranar ko akwai malama mace.

Lissafin iska yana da sauƙi, kuma yana da kyau ka san shi da kanka. Lita 12 sau bar 200, lita 2,400 ke nan. Ba a taɓa bar 50 na ƙarshe, da su ake fitowa, saura lita 1,800. Mutum a natse yakan sha kamar lita 20 a minti a sama, a mita 10 ya zama 40, wato minti 45. Ɗan koyo mai faɗuwar gaba da ke shan 30 a sama zai sha 60 a ƙasa, minti 30 tukunyarsa ta kai ja. Shi ya sa mai fafutuka da hannuwa yake riga kowa fita. Harɗe hannuwa a ƙirji, ƙafa kaɗai ke aiki, daga cinya, sannu a hankali. Duba agogon kowane minti biyar, in ya kai 100 ka nuna wa malami, in ya kai 50 tafiya ta ƙare.

Kafin ka biya kuɗi, je cibiyar da yammacin jajibiri ka duba da idonka. Nemi ganin katin malamin na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin horar da masu nutso, PADI, SSI ko CMAS. Tambayi mutum nawa malami ɗaya zai riƙe. Ku biyu ga malami ɗaya shi ne abin nema, in an ce shida ku kama gabanku. Tambayi ko akwai kwalbar oksijin ta agajin gaggawa a cikin jirgin, a nuna maka ita, da kuma inda ɗakin matsi mafi kusa yake wanda ake jinyar ciwon nutso a ciki. Sa abin baki ka shaƙi iskar: ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. In ka ji ƙaurin mai ko hayaƙi, injin cikawar ya zuƙi hayaƙin salansa, kuma gubar hayaƙi a ƙarƙashin ruwa ta fi muni. Dubi robar da ake cizawa ko ta yage, dubi bututu ko ya tsattsage. Sai ka tabbatar da lokacin tashi a rubuce da lambobi, domin Waswahili daga fitowar rana suke ƙirga awa: in matuƙin jirgi ya ce "saa mbili asubuhi", ba ƙarfe biyu yake nufi ba, ƙarfe takwas na safe ne.

Ranar kanta, ku karya da abu mara nauyi, shayi da burodi da ayaba, ku sha ruwa sosai. Ciki fam da mai da yaji ba ya jituwa da igiyar ruwa, ciki wayam ma haka. Wanda kansa ke juyawa a motar Yamai zuwa Tawa, jirgin ruwa zai fi juya shi. Ya sha maganin amai awa ɗaya kafin tashi, amma ya gwada shi tun kwana ɗaya kafin nan don wasu suna sa barci. A jirgi a zauna tsakiya, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, ba a kan waya ba.

Malami zai fara da ku a wurin da ƙafa ke taɓa ƙasa, ko a kwamin wanka. Abu uku ake koya: fitar da ruwa daga abin baki, lalubo shi in ya suɓuce, da fitar da ruwa daga tabarau. Na ukun ne ke kayar da mutane. Ka danna saman tabarau da yatsu, ka ɗaga kai kaɗan, ka hura ta hanci, iska ta kori ruwan ta ƙasa. Maimaita har ya zame maka jiki, kada kunya ta sa ka ce ka iya. Mai gashin baki ya sani gashin yana hana robar kama fata, ruwa ya riƙa tsiyayowa. A rage ƴar siririyar layin da ke ƙarƙashin hanci, ko a shafa man silikon da cibiyar ke da shi. Gemu ba ya hana komai. Don kada gilashin ya yi hazo, a shafa masa ɗigon sabulun jarirai ko yawu a ɗauraye. Alamun hannu ma a riƙe su da kyau: zobe da babban yatsa da manuni shi ne "lafiya lau", tafin hannu ana karkaɗa shi shi ne "akwai matsala", babban yatsa sama kuwa ba yabo ba ne, "mu hau" yake nufi. Ƴan koyo da yawa suna ɗaga shi don murna, malami ya fito da su.

Sauka ana yin ta ne a kan igiya, ƙafa a ƙasa kai a sama. Tun daga mita ta farko ka toshe hanci ta cikin robar tabarau ka hura kaɗan, kamar mai fyace majina a gaban surukai, za ka ji kunne ya yi ƙas. Haɗiye yawu ko motsa muƙamuƙi ma yana yi. Kowace mita a maimaita, kafin ciwo ya zo. In kunne ya ƙi, ka hau mita ɗaya ka sake gwadawa; in ya ƙi sau uku, nutson yau ya ƙare. Wanda ya daure ya ci gaba yana iya fasa dodon kunne, ruwa ya shiga, duniya ta juya masa a inda ba a son jiri. Hurawa da ƙarfi ma ɓarna ce. Kuma a riƙa sakin ƴar iska ta hanci cikin tabarau, in ba haka ba ya tsotse fuska, a fito da ido jawur kamar garwashi.

A ƙasa komai zai yi maka kamar ya fi girmansa da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Launin ja yana ɓacewa tun wajen mita 5, shi ya sa in ka ƙuje yatsa a ƙasa sai ka ga jinin ya yi duhu, kamar kore. Za ka ga kifaye masu launin atamfa suna kiwo a kan murjani, wasu har ana jin ƙarar haƙoransu suna gurgurar dutse, in an yi sa'a kunkurun teku ya gifta. Hannu dai a jiki. Murjani halitta ce mai rai, taɓawa na kashe ta, wani irinsa kuma yana ƙuna kamar wuta. Akwai kifin da ke kwance kamar dutse da dafi a ƙayar bayansa, akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe da ke karyewa cikin fata. In an taka ɗayansu, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon da fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, sannan a nufi likita.

Hawowa ita ce rabin aikin. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, jiki ba ya amfani da shi, amma a ƙarƙashin danniya yana narkewa cikin jini da tsoka kamar gas a cikin lemun kwalba. In an buɗe murfin a hankali, ya fita shiru ta numfashi. In an fizge, ya yi kumfa. Don haka ba a wuce mita 9 zuwa 10 a minti, kada ka riga ƙananan kumfar bakinka, kuma a tsaya minti 3 a mita 5. Ana hawa ana sace iskar falmaran, don ita ma kumbura take tana neman ta harba ka sama. In za a yi nutso na biyu, a huta kamar awa ɗaya a jirgi, a sha ruwa, a ci ƴaƴan itace.

Da kun dawo gari, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, a bar tausa da motsa jiki mai ƙarfi sai gobe. A yi salla, masallatai birjik suke a tsohon gari. Yawancin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa jikokin mutanen Oman, waɗanda ke sakin hannu a salla kamar Malikawanmu. A ci shinkafa pilau mai kanumfari da kirfa, a kishingiɗa awa ɗaya. Gajiyar bayan nutso gaskiya ce, kada a yi mata gardama.

Yawon gari da ƙafa ake yi, lungunan ba sa ɗaukar mota. Awa biyu da rabi bayan la'asar sun isa a ga muhimman wurare in ba a yi haɗama ba. Ku fara da kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Ɗan kasuwa zai so ya ga yadda ake cinikin kifi da yadda kanumfari, masoro da kirfa suke a tushensu. Wurin ƙetare titi a tuna motocinsu hagu suke bi. Daga nan a gangara cocin Angilika da aka fara ginawa a 1873 a daidai filin kasuwar bayi, shekarar da Sarkin Zanzibar Barghash ya rufe kasuwar bisa matsin Ingila. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ko miƙewa ba a iya yi. Wurin nan ku ba shi lokacinsa, ko da za a rage wani. Sauran tafiyar ta kallon ƙofofi ce, na katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya. Ku ɓullo bakin teku wajen tsohuwar ganuwa da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da ita Beit al-Ajaib ne, fadar da Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rufta a Disamba 2020. Garin gaba ɗaya yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2000. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919, kada ku cusa shi a wannan rana. Wani jirgin ruwan ne kuma, ya ci rabin yini.

Rana tana faɗuwa bayan ƙarfe shida da rabi a watan Janairu. A lambun Forodhani samari suna tsalle daga kan bango zuwa cikin teku, kallo ne mai daɗi, sannan masu abinci su kunna fitilu su jera tebura. Ta fuskar halas ba ku da damuwa, a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku ana ci, har ƙaguwa da jatan lande da pweza, halittar nan mai hannuwa takwas. Damuwar ta ciki ce. Tsiren kifi da jatan lande da aka jera tuli a tebur, yawanci an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake yi, kuma ba ka san tun yaushe suke nan ba. Mun saba da kilishi da ke wata bai lalace ba. Naman teku a zafin nan awoyi kaɗan yake yi. Ku zaɓi abin da aka dafa a gabanku daga ɗanye, a teburin da ƴan gari suka yi layi. Ku sha urojo, romo ne mai kauri da tsami da kalar gangamau, a ciki akwai dankali, wani abu kamar ƙosai, dafaffen ƙwai, soyayyen rogo da yaji. Ku gwada abin da suke kira fizar Zanzibar, siririn ƙulli da ake zuba wa niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a soya a kasko. Mishkaki tsirenmu ne ba ƙuli. Ruwan rake da citta da lemun tsami a matse shi a gabanka, ba ƙanƙara. Kafin a ɗora komai a wuta a ce "bei gani", wato nawa ne, a ji farashi a shilin. Pweza a miyar madarar kwakwa kuwa gara a ci shi a gidan abinci na zaune. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, kuma in son samu ne ba a daren nutso ba: ƙaiƙayi da ƙuraje da ƙuncin numfashi na rashin jituwa da abincin suna iya rikicewa da alamun ciwon nutso.

Alamun nan ku san su ku biyu, kowa ya lura da ɗan'uwansa har washegari. Ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu wanda ba ya canzawa da motsi, mutuwar jiki ko jin kamar tururuwa a hannu ko ƙafa, gajiyar da ta wuce misali, jiri, fata ta yi dabbare-dabbare, wahalar fitsari. Yawanci suna bayyana cikin awoyin farko, wasu har cikin awa 24. A nutson gwaji na mita 12 da aka bi doka abu ne mai wuyar faruwa, amma in an gani ba a shan maganin ciwon jiki a kwanta. A kira cibiyar nan take, a kwantar da mutum, a sa masa oksijin, a kai shi likita. Kada wani ya ce a mayar da shi ruwa.

Jirgin sama kuma daidai yake da fizge murfin kwalbar, domin danniyar cikinsa ba ta kai ta ƙasa ba. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, bayan biyu ko fiye awa 18, cibiyoyi da yawa kuma awa 24 suke cewa, ni ma ita nake ba da shawara. Ƙaramin jirgin da ke tsallakawa Darussalam ko tsibirin Pemba yana ciki, haka hawan tsauni irin Kilimanjaro. Jirgin ruwa na Darussalam, mai tafiyar kamar awa 2, ba ya ciki. In kun fito daga nutso na biyu ƙarfe ɗaya na ranar Talata, ƙarfe bakwai na safiyar Laraba ne mafi kusa, ƙarfe ɗaya na ranar Laraba ne mafi aminci. Malamin ya rubuta muku zurfin da kuka kai, mintocin da kuka yi da lokacin fitowa a takarda, ku sa ta cikin fasfo.